Babi na Shida: Gaɓa da Ma'ana a Dogayen Sunayen Sinadarai

Mazauna gundumomin Tasawa da Mayahi, a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, suna cuɗanya da dogayen sunayen sinadarai fiye da yadda ake zato, ko da yake akasarinsu ba su taɓa zama ajin kimiyya ba. Manomin gero da wake a kwarin Gulbin Kaba yana sayen takin zamani da maganin feshi, ɗan kasuwar Tasawa yana adana buhunan wakensa da ƙwayar kashe ƙwari, uwa a Kanambakashe ko Korgom kuma tana karɓar wa yaranta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk damina, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki da ba ya ɗauke da suna a jikin kwalba ko buhu ko kwali. Sunayen suna zuwa ne da harsuna biyu: Faransanci, wanda shi ne harshen lakwal da na takardar likita, da Ingilishi, wanda ke jikin kayan da ke shigowa daga Katsina da Daura da Kano. Bakin da zai furta su kuwa da Hausa ya tashi, kuma Hausa tana da nata ƙa'idojin gaɓa waɗanda ba sa sassauta wa baƙuwar kalma don ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne cewa dogon sunan sinadari harɗaɗɗiyar kalma ce, wato kalmar da aka gina ta hanyar jera ƙananan guntaye masu ma'ana, kuma tsawonsa ya samo asali ne daga yawan bayanin da aka cusa a cikinsa. Wannan tsari yana da tarihi sananne. A 1787 masana huɗu na ƙasar Faransa, wato Guyton de Morveau da Lavoisier da Berthollet da Fourcroy, suka wallafa littafin da ya kawar da tsofaffin laƙabobi ya kafa ƙa'idar cewa suna ya faɗi abin da sinadari ya ƙunsa. A 1892 taron Janeba ya shimfiɗa irin wannan ƙa'ida ga sinadarai masu karbon, sannan a 1919 aka kafa ƙungiyar IUPAC, wadda har yau ita ke kula da dokokin raɗa waɗannan sunaye. Magunguna kuma suna da gajerun sunaye na bai ɗaya waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 1953, su ne ake kira DCI a takardun Faransanci, kuma ko a cikinsu an bar guntaye masu nuna dangin da magani ya fito.

Guntayen da aka fi cin karo da su ba su da yawa. Akwai ɗafa-goshi na ƙirga, wato guntun da ake liƙawa a farkon kalma don nuna adadi: mono ɗaya, di biyu, tri uku, tétra huɗu. Akwai saiwoyi masu nuna yawan ƙwayoyin zarra na karbon da ke jere a jikin sinadarin: méth ɗaya, éth biyu, prop uku, but huɗu, pent biyar, hex shida. Akwai kuma ɗafa-ƙeya, wato guntun ƙarshe, wanda galibi shi ke faɗin irin halin sinadarin, kamar ane da ol da al da ate da ure. Wanda ya haddace guntaye talatin ko arba'in irin waɗannan zai iya karanta ɗaruruwan sunayen da bai taɓa gani ba.

Saboda haka yankan dogon suna iri biyu ne, kuma tilas ɗaya ya gabaci ɗaya. Na farko yankan ma'ana ne, inda ake neman wuraren da guntaye suka haɗu, kamar yadda mahauci ke laluben gaɓa da wuƙa maimakon ya sari tsakiyar ƙashi. Na biyu yankan furuci ne, inda ake raba kowane guntu zuwa gaɓoɓin da harshe zai iya ɗauka. Sunan DDT, tsohon maganin ƙwari da aka fara haɗawa a 1874, wanda Paul Müller ya gano ƙarfinsa a kan ƙwari a 1939, kuma yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da shi, ya isa misali. Cikakken sunansa a Faransanci shi ne dichlorodiphényltrichloroéthane, haruffa 31 a jere ba tare da wurin numfashi ba. Idan aka yi masa yankan ma'ana sai ya zama guntaye bakwai kacal: di, chloro, di, phényl, tri, chloro, éthane. Biyu daga cikinsu ma maimaici ne, don haka sababbin guntayen biyar ne. Kuma suna faɗin gaskiyar abin da ke ciki: ƙwayoyin zarra biyu na kulor, zobba biyu na karbon da ake kira fenil, wasu ƙwayoyin kulor uku, duka a rataye a kan ƙashin baya mai karbon biyu. Ɗalibin da ya iya wannan yanka ya riga ya san cewa kulor biyar ne a cikin DDT tun kafin a zana masa siffarsa a allo.

Yanka na biyu ne ke shigo da nahawun Hausa. Gaɓa, a ma'anar masu nazarin harshe, ita ce guntun kalma da ake furtawa da bugu ɗaya na murya, kuma Hausa tana da siffofinta uku: baƙi da gajeren wasali, kamar ci, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar kai, da baƙi da wasali da baƙi, kamar can. Biyun farko su ne buɗaɗɗun gaɓoɓi, ta uku kuma rufaffiya. Abubuwa biyu ne wannan tsari ya hana. Gaɓa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a cunkushe, kuma ba ta farawa da wasali tsirara, domin ko kalmar da ake rubutawa da wasali a farko, kamar aiki, da hamza take farawa a baki. Idan kalmar aro ta zo da cunkoson baƙaƙe, Hausa tana saƙala wasali a tsakani, galibi i ko u, kuma ta haka ne aka sami burodi da direba da fulawa da tirela, har da sunan ƙasar Faransa kanta. Harshen da ya mayar da sunan wani ƙarfen kanikawa sukurudireba, gaɓoɓi shida cif, ba shi da dalilin jin tsoron sunan sinadari. Bisa wannan ƙa'ida chloro zai zama kuloro, tri ya zama tiri, brome ya zama burom, sunan DDT kuma ya fito kamar haka: di-kuloro-di-fenil-tiri-kuloro-'etan. Gaɓoɓin da suke goma sha ɗaya a Faransanci sun koma goma sha huɗu a Hausa, amma babu ko ɗaya da ta saɓa wa bakin Bahaushe. Hamzar da ke gaban etan tana da aiki na musamman a nan, domin ita ce ke hana wasalin ƙarshen kuloro haɗiye wasalin farkon etan, kuma ta haka iyakar guntayen biyu take fitowa a kunne.

Kafin a kai ga haka sai an tsallake tarkon rubutun Faransanci, wanda yake kayar da ɗalibai da yawa a makarantun sakandare na Tasawa da Mayahi. Haruffan ch a kalmar chimie ana furta su kamar sh na Hausa, amma a chlore sautin k suke bayarwa. Haruffan ph sautin f ne, th sautin t ne, y wasalin i ne, qu sautin k ne, x kuma baƙaƙe biyu ne, k da s, waɗanda Hausa ke raba su tsakanin gaɓoɓi biyu. Wasalin e na ƙarshen kalma ba a furta shi. Hausa ba ta da v, sai ta mayar da shi b, kuma ba ta bambanta p da f. Karin harshen yankin ma yana da nasa tasirin. Masu Hausar yamma da dama suna furta fa kamar hwa, fi kamar hi, fo kamar ho, don haka kalmar fosfat takan fito daga bakinsu da sautin h a wurare biyu. Wannan ba aibi ba ne a furuci, amma a rubutu ya fi kyau a bar f, domin idan s da h suka haɗu a tsakiyar kalma mai karatu zai ɗauke su sh. A wani gefen kuma karin yana taimakawa: wanda ya saba cewa zamna da amre ba zai sha wahalar rufe gaɓa da m a sunan maganin feshin nan lambda-cyhalothrine ba, wanda ke zama lam-da-si-ha-lo-ti-rin bayan an jefar da b ɗin da ya maƙale tsakanin baƙaƙe biyu.

Wurin da yankan furuci da yankan ma'ana suka fi saɓawa shi ne maganin da ke shiga gidajen yankin duk damina. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel masu wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata a tsawon damina, Nijar kuma ta fara aiwatar da shirin a 2013 a wasu gundumomi kafin a faɗaɗa shi. Ma'aikatan sa-kai suna bi gida gida da ɗan fakitin ƙwayoyi. A ranar farko ana narka ƙwayoyi biyu a ɗan ruwa a ba yaro a gaban ma'aikaci, sauran biyun kuma a bar wa uwa ta ba shi a rana ta biyu da ta uku. Abin da ke rubuce a jikin fakitin shi ne sulfadoxine-pyriméthamine da amodiaquine. Sunan farko ba ya buƙatar ko wasali ɗaya na saƙalawa: sul-fa-dok-sin. Na uku ma haka, a-mo-di-ya-kin, kuma ƙarshensa yana haɗa shi da chloroquine da sauran dangin quinine, maganin da Pelletier da Caventou suka tace daga ɓawon itace a 1820. Na biyun ne mai yaudara. A baki yana rabuwa fi-ri-me-ta-min, kuma duk wanda ya koyi saiwoyin ƙirga zai hango méth a tsakiyarsa ya yanke hukuncin cewa akwai reshe mai karbon ɗaya. Hukuncin kuskure ne. An gina sunan daga pyrim, guntun sunan wani zobe da ake kira pyrimidine, da éth, da amine, kuma reshen da ke jikin maganin mai karbon biyu ne. Baƙin m na guntun farko ne, furuci ne ya ja shi ya liƙa wa na biyu. Wannan ya nuna cewa gaɓar furuci ba ta zama hujja a kan ma'ana, kuma malamin da ya koyar da furuci kaɗai ya bar ɗalibinsa da rabin aiki.

Guntun sulfa da ke farkon sunan yana da nauyin da ya wuce na aji. Ƙa'idar shirin ta hana a ba da wannan rigakafi ga yaron da jikinsa ba ya karɓar magungunan dangin sulfa, da kuma yaron da ke shan cotrimoxazole, wanda ake sayarwa da sunan Bactrim a ƙasashe masu Faransanci da Septrin a Najeriya. Babu abin da ke nuna dangantaka tsakanin waɗannan sunayen kasuwa da maganin rigakafin. Sai an juya kwalin an karanta ƙananan haruffa ne za a ga sulfaméthoxazole, kuma ma'aikacin da ya iya ware gaɓoɓi biyun farko na wannan kalma zai gane dangin nan take, ko da sauran kalmar ta gagare shi.

Babban haɗarin yana ƙarshen suna. Hausa, kamar kowane harshe, tana son taƙaita doguwar kalmar aro, kuma wutsiya ce ta fi saurin faɗuwa. A sunayen sinadarai kuwa wutsiyar ce sau da yawa ke raba abinci da guba. Takin da ake kira DAP, mai lambobi 18-46-0 a jikin buhu, cikakken sunansa phosphate diammonique, kuma shi ne ake ɗiban giram 2 a zuba a kowane ramin shukar gero a dabarar nan ta ɗan tsunkule da cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa. Ƙwayar da ƴan kasuwa ke sakawa cikin buhunan wake, wadda aka fi sani da sunan kasuwa Phostoxin, sunanta phosphure d'aluminium. Gaɓar farko ɗaya ce, fos, bambancin yana tsakanin fat da fur. Ɗafa-ƙeyar ate tana nuna cewa akwai oksijin a haɗe da fosfor, ure kuma tana nuna babu. Ƙwaya mai giram 3 ta phosphure d'aluminium, da zarar ta sha danshin iska, tana sakin giram 1 na iskar phosphine, wadda ke kashe ƙwarin wake, kuma tana kashe mutumin da ya kwana a ɗaki ɗaya da buhunan, ba ta kuma da makari. Haka sulfate da sulfite da sulfure suke abubuwa uku dabam, haka nitrate da nitrite. Duk wata Hausantarwa da ta mayar da waɗannan kalmomi abu ɗaya a kunne ta gaza, komai daɗinta a baki.

Akwai wata matsala mai kama da wannan wadda ta fito daga cikin Hausa kanta. A rufaffiyar gaɓa gajeren wasalin o yakan karkata zuwa a, kuma shaidar haka tana cikin kalmar lakwal, wadda ƙarshenta a Faransanci kol ne. Idan aka bar wannan ɗabi'a ta yi aikinta, ɗafa-ƙeyar ol, mai nuna dangin alkwal, za ta haɗe da al, mai nuna wani dangi dabam. Méthanol ruwa ne mai makantarwa da kisa, méthanal kuma shi ne sinadarin da ke cikin formol, ruwan da ake adana gawa da shi. A farkon kalma ma baƙi ɗaya ne ya raba méthanol da éthanol, wanda ake goge fata da shi kafin allura. A irin waɗannan wurare ya wajaba malami ya tsaya a kan o ya fitar da shi sarai, ko da furucin ya ɗan yi baƙunta.

Za a iya cewa jama'a sun riga sun warware matsalar da kansu ta hanyar laƙabi, kuma akwai gaskiya a cikin wannan. Maganin ƙwarin da ake kira fiya-fiya kowa ya san shi daga kasuwar Tasawa har Kano, kuma babu mai buƙatar dogon suna don ya saye shi. Amma laƙabi yana bin kwalba da wari da kamanni, ba ya bin abin da ke ciki, kuma ana ɗura ruwa iri iri a ƙananan kwalabe marasa takarda a sayar da suna ɗaya. Sunan sinadarin da ake wa wannan laƙabi, dichlorvos, di-kulor-bos a bakin Hausa, yana faɗin abin da laƙabin ya ɓoye. Ƙarshensa yana haɗa shi da chlorpyrifos, kuma su biyun, tare da fénitrothion da aka daɗe ana fesa wa fara, dangi ɗaya ne na magunguna masu fosfor waɗanda ke toshe wani sinadari mai daidaita saƙon jijiyoyi. Wanda ya sha ɗaya daga cikinsu ana yi masa magani da atropine. Masu ƙarewa da thrine kuwa, kamar deltaméthrine da perméthrine da ake jiƙa gidan sauro da su, wani dangi ne dabam mai buƙatar kulawa dabam. Idan aka kawo mutum cibiyar lafiya ta Maijirgi ko ta Sarkin Hausa daga gona yana zubar da miyau, ɗan rakiyar da zai iya cewa sunan da ke kwalbar ya ƙare da fos ko bos ya ba ma'aikacin lafiya abin da kalmar maganin feshi ba za ta ba shi ba.

Tsarin jera kalmomi ma yana buƙatar a yanke shawara a kansa. Gishirin miya a Faransanci chlorure de sodium ne, a Ingilishi kuma sodium ke zuwa farko, ɗafa-ƙeyar ure ta koma ide. Manomin da ke riƙe da kwalabe biyu, ɗaya daga Yamai ɗaya daga Kano, yana iya ɗaukarsu abubuwa biyu alhali abu ɗaya ne. Ginin Hausa ya fi kusa da na Faransanci a nan, domin Hausa ma tana gabatar da abin mallaka ta biyo da mai shi ta hanyar ɗafa n ko r, sai dai ɗafa wannan baƙi a ƙarshen sunan sinadari yana iya lulluɓe wutsiyar da ake son karewa. Ya fi aminci a yi amfani da na ko ta a ware, a ce fosfat na amoniyom, fosfur na alminiyom, yadda ƙarshen kalmar farko zai tsaya a fili.

Daga duk wannan ana iya fitar da hanyar koyarwa mai sauƙi wadda ba ta buƙatar komai sai allo da alli. Malami ya rubuta sunan yadda yake a jikin kwali, ya ja layi a tsaye a kowace mahaɗar ma'ana, ya faɗi abin da kowane guntu ke nufi, sannan a ƙarƙashinsa ya rubuta furucin da haruffan Hausa, ɗalibai su maimaita daga guntun ƙarshe suna komawa baya, domin wutsiya ta fi kowane sashe zama a kunne. Paracétamol ya dace da darasin farko, tunda babu gidan da ba a san shi ba: an tsamo shi daga para, acétyl, amino, phénol, kuma daga waɗannan guntaye ne Amurkawa suka tsamo nasu sunan, acetaminophen, don magani ɗaya.

Abin da ya rage shi ne daidaitawa, kuma yankin yana da masu iya yin ta. Jami'ar Maradi, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ɗan Maradi masanin kimiyyar sinadarai wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Nijar. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana da reshe a Maradi, ƙungiyar RECA tana amsa tambayoyin manoma da Hausa ta waya, gidajen rediyon karkara kuma suna karanta sanarwar rigakafi kowace damina, kowane mai gabatarwa da irin furucinsa. Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa tun 1999, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya kamata malaman sinadarai da masana nahawun Hausa na jami'ar su zauna da jami'an kare tsirrai da na lafiya, tare da takwarorinsu na Katsina da Kano, su fitar da jeri ɗaya na guntayen da aka fi amfani da su, kowanne da rubutunsa na Hausa da ma'anarsa, a raba shi ga makarantun sakandare da cibiyoyin lafiya da masu sayar da maganin feshi a kasuwannin Tasawa da Mayahi, a kuma fara da sunayen da ke ƙarewa da ate da ite da ure.